Inda Buhu 40 Suka Shiga: Nazarin Kasafin Wani Gidan Burodi a Kano, 2023 zuwa 2024

Gidan da kasafinsa

Gidan burodin yana cikin birnin Kano, ya haura shekara goma yana aiki. Tanda ɗaya gare shi ta itace, da injin kwaɓi da injin murza waɗanda janareta mai dizal ke ja idan an ɗauke wuta, da motoci biyu na rabo. Ma'aikata wajen talatin ne. Babban burodin da masu shayi da masu shago ke sara shi ne ke riƙe da gidan, shi ya sa wannan nazari ya tsaya a kansa kaɗai. An dunƙule alƙaluman domin lissafin ya yi sauƙin bi.

Mutum huɗu ne lamarin ya fi shafa: maigidan, wanda kowa ke kira Alhaji, da manaja, da shugaban masu kwaɓi, da mai kula da sito. Daga baya wani akanta ya shigo.

A watan Janairu 2023 manaja ya rubuta kasafin shekara, kamar yadda ya saba. An tsara sayar da burodi 40,000 kowane wata a kan naira 550. Buhun fulawa mai kilo 50 ana sa ran ya ba da burodi 100, don haka buhu 400 ake bukata a wata, kowane a kan naira 30,000. Idan aka raba a kan burodi ɗaya, fulawa na cin naira 300, sukari da yis da bota da gishiri da leda na cin 90, itace da dizal 30, ladan masu kwaɓi 25, man motocin rabo 15. Jimla naira 460. Ke nan kowane burodi yana barin naira 90. A kan burodi 40,000 wannan ya kama naira 3,600,000. Daga ciki ake biyan kuɗaɗen da ba sa motsi ko an gasa ko ba a gasa ba, wato haya da albashin ma'aikatan dindindin da masu gadi da gyare-gyare, naira 2,000,000. Ribar da aka sa a gaba ita ce naira 1,600,000 a wata.

Ƙarshen kowane wata manaja yakan jera layi biyu a takarda, abin da aka tsara da abin da aka kashe. Layin kasafin ba ya canzawa, ko burodi nawa aka sayar. Akwai wani abu kuma da ya kamata a riƙe tun yanzu: masu kwaɓi a kan buhu ake biyan su, naira 2,500 kowane buhun da suka kwaɓa.

Fabrairu zuwa Afrilu 2023: yabo da faɗa

Sauya fasalin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a a farkon 2023. Mai shayi da tsaba yake ciniki, don haka ya rage sari. A watan Fabrairu gidan ya sayar da burodi 30,000 kacal. Kuɗin kayan haɗi da itace da lada da mai ya tsaya a naira 14,400,000, alhali kasafi ya ce 18,400,000. Takardar manaja ta nuna rarar naira miliyan 4. Alhaji ya yaba wa shugaban masu kwaɓi a kan tattali. Riba ta faɗi zuwa naira 100,000, kowa kuma ya ɗora laifin a kan ƙarancin tsaba.

Azumi ya fara ranar 23 ga Maris, aka yi ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu. Tsaba ta fara dawowa, buɗe-baki da sahur da hidimar Sallah suka ɗaga ciniki, gidan ya sayar da burodi 46,000 a Afrilu. Kashewa ta kai naira 22,000,000. A takarda wannan ya fito a matsayin wuce kasafi da naira 3,600,000. Alhaji ya tara manaja da shugaban masu kwaɓi da mai sito ya yi musu faɗa a kan almubazzaranci. Su kuma suka ce ba a gasa ƙarin burodi 6,000 da iska. Riba ta tsaya a naira 1,300,000, ƙasa da abin da aka tsara duk da cinikin ya fi na kasafi. Ba wanda ya tsaya a kan wannan, domin gardamar ta koma ta wa ya yi ɓarna.

Yuni zuwa Agusta 2023: matakan da aka ɗauka

Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki, a watan Yuli kuma ta wuce 600. Ranar 14 ga Yuni Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta wuce 700. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya shigo da ita ake yi daga waje, don haka fulawa ta bi dala. Kowane zuwa Kasuwar Singa sai an tarar da sabon farashi.

Gidan ya ɗauki matakai uku a watan Yuli. An ƙara kuɗin burodi daga naira 550 zuwa 600, wasu masu shayi suka rage sari ko suka koma wani gida. An bar fulawar da aka saba, wadda ta kai naira 35,000, aka koma wata mai sauƙi a kan 34,000. Na ukun shi ne mafi nauyi. Alhaji ya lura cewa fulawa na ƙarewa da wuri fiye da yadda idonsa ya saba, ya yi zargin buhuna na fita ta bayan gida, aka dakatar da mai kula da sito, aka miƙa makullin ga wani ɗan'uwan maigidan.

Watan Agusta ya ƙare da asarar naira 1,740,000. An sayar da burodi 36,000. An ci buhu 400. A takardar manaja layin fulawa ya yi kyau ta fuskar yawa: buhu 400 aka tsara, buhu 400 aka ci, tsadar naira 4,000 a kowane buhu ita kaɗai ta fito. Bayanin da aka yarda da shi a gidan shi ne tallafi da dala. Aka fara maganar rufe tanda har lamura su lafa.

Satumba 2023: an sake gina lissafin Agusta

Wani akanta, abokin ɗan Alhaji, ya karɓi littattafan a farkon Satumba. Bai taɓa alƙaluman kashewa ba. Ya ƙara layi na uku tsakanin biyun da ake da su, layin da ke amsa tambaya ɗaya: da tun farko an san burodi 36,000 za a sayar, nawa ne ya kamata a kashe? Kuɗaɗen da ke bin yawan burodi ya ninka su da 36,000, waɗanda ba sa motsi ya bar su a inda suke. Wannan shi ne kasafi mai bin aiki. Ga yadda Agusta ya fito, abin da ya kamata sannan abin da aka kashe:

Fulawa: 10,800,000 da 13,600,000, giɓi 2,800,000
Sukari da sauran kayan haɗi: 3,240,000 da 3,900,000, giɓi 660,000
Itace da dizal: 1,080,000 da 1,500,000, giɓi 420,000
Ladan masu kwaɓi: 900,000 da 1,000,000, giɓi 100,000
Man motocin rabo: 540,000 da 1,240,000, giɓi 700,000
Kuɗaɗen da ba sa motsi: 2,000,000 da 2,100,000, giɓi 100,000

Giɓin kashewa gaba ɗaya naira 4,780,000. Raguwar ciniki da burodi 4,000 ta ci naira 360,000 ne kawai, wato 4,000 sau 90. Ƙarin naira 50 a kan burodi 36,000 ya kawo rarar 1,800,000. Idan aka ɗauki ribar da aka tsara ta 1,600,000, aka cire 360,000, aka ƙara 1,800,000, aka cire 4,780,000, sai a faɗa daidai kan asarar 1,740,000. Ba a rasa ko naira ɗaya ba a tsakani, kuma wannan daidaituwar ce ta sa Alhaji ya yarda ya saurari sauran bayanin.

Mataki na biyu shi ne fasa kowane giɓi gida biyu, na farashi da na yawan abin da aka ci. A layin fulawa, an biya ƙarin naira 4,000 a kan buhu 400, wato 1,600,000. Wannan giɓin farashi ne, daga kasuwa ya zo. Amma burodi 36,000 buhu 360 ya kamata ya ci. An ci 400. Buhu 40 sun wuce ƙa'ida, a farashin kasafi naira 1,200,000. Tsohuwar takarda ba za ta taɓa nuna su ba, domin raguwar ciniki ta rage buhu 40, zubewar cikin gida ta mayar da buhu 40, sai layin ya zauna a kan 400 tamkar babu abin da ya faru.

Kuma buhu ba ya tafiya shi kaɗai. Kowane buhun da aka kwaɓa yana jan sukari da kayan haɗi na naira 9,000, da itace da dizal na 3,000, da lada 2,500. A kan buhu 40 wannan ya zama 360,000 da 120,000 da 100,000. Da aka haɗa da fulawar kanta, zubewar cikin gida ta kama naira 1,780,000. Sauran 3,000,000 tsadar kasuwa ce. Asarar watan 1,740,000 ce. Wato da buhu ya ci gaba da ba da burodi 100, da gidan ya fita kunya a Agusta duk da tallafi da dala.

Da aka yi wa Fabrairu da Afrilu irin wannan lissafi, hoton ya juye. Burodi 30,000 na Fabrairu naira 13,800,000 ya kamata ya ci, ya ci 14,400,000. A watan da aka yi yabon tattali an wuce ƙa'ida da 600,000. A Afrilu kuwa, daga cikin 3,600,000 da aka yi faɗa a kai, 2,760,000 kuɗin ƙarin burodin da aka gasa aka sayar ne. Giɓin gaske 840,000 ne. Matsalar ta girmi cire tallafi da wata uku ko fiye.

Satumba zuwa Oktoba 2023: neman burodi 10 a kowane buhu

Lissafi ya nuna buhu na ba da burodin sayarwa 90 maimakon 100. Bai faɗi dalili ba. Dalilin sai da aka shiga ɗakin kwaɓi.

An fara da sito, tunda can zargi yake. Aka ƙirga buhuna, aka gwada rasit ɗin Singa da littafin fitarwa tun daga Janairu. Kowane buhun da ya shigo an ga ranar da ya fita zuwa ɗakin kwaɓi. Babu wanda ya ɓace. Bayan sauya mai riƙe da makulli ma cin fulawar bai ragu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi.

Sannan aka yi sati biyu ana bin kwaɓi daga inji har mota. Buhu ɗaya da ruwansa da sukarinsa da botarsa yana ba da kwaɓi wajen kilo 85. Ƙa'idar gidan ita ce curi mai giram 850. A kan teburin yanka akwai sikeli mai allura, amma tun wajen ƙarshen Janairu allurarsa ta fara maƙalewa, masu yanka suka ture shi gefe suka ɗora gwangwanayen gashi a kai. Da hannu suke yankawa, su ɗaga curin su ji nauyinsa, su jefa. Hannunsu kuwa gwani ne, curi da curi ba su cika bambanta ba. Sai dai hannun ya karkata sama, saboda an fi yi wa mai yanka faɗa idan burodi ya fito ƙarami fiye da idan ya cika gwangwani ya tashi da kyau. Da aka auna curi ɗari-ɗari a lokuta daban-daban da sabon sikeli, matsakaicin nauyi ya fito giram 885. Giram 35 ba ya cika tafin hannu, amma kilo 85 a kan 885 burodi 96 ne. Huɗu sun tafi a nan.

Biyu sun tafi a fulawar mai sauƙi. Ba ta shan ruwa kamar ta da, kwaɓin buhu ɗaya yakan gaza da kusan kilo 2. Shugaban masu kwaɓi ya lura da haka tun makon farko, amma ba a tambaye shi ba, shi kuma bayan faɗan Afrilu ya daina kawo magana. An sami sauƙin naira 1,000 a buhu, an rasa burodi biyu na naira 1,200. A takardar sayayya wannan canji rara ce, a ɗakin kwaɓi giɓi ne, kuma giɓin ya fi rarar.

Biyu kwantai ne. Bayan ƙarin farashi direbobi sun ci gaba da ajiye wa masu shago adadin da suka saba, bayan kwana biyu ko uku su kwaso wanda bai shiga ba. Ana sayar da shi ga masu kiwo a kan kuɗi kaɗan da ba ya shiga littafi. Ɗaya ƙonewa ne, domin itacen damina jiƙaƙƙe ne, wuta takan yi sanyi sannan ta taso gaba ɗaya ta ƙone layin baya. Ɗayan da ya rage shi ne na gida: rabon ma'aikata, da na maƙwabta, da sadakar almajirai, da wanda Alhaji ke cewa a sa wa baƙo a mota. Babu wanda ya taɓa rubuta shi.

Tsarin biyan lada ya lulluɓe duk waɗannan. Mai kwaɓi da ake biya a kan buhu ba shi da asara idan buhu ya ba da 90. Hasali ma idan ana bukatar buhu 400 a inda 360 za su isa, ladansa ƙaruwa yake yi. Ba a sami wata alama ta cewa da gangan aka yi ba. Sai dai babu wani a ɗakin da aljihunsa zai ji zafi idan sikeli ya mutu.

Oktoba zuwa Disamba 2023: gyare-gyare, da wanda ya juya

An sayi sikeli biyu masu lamba. An koma tsohuwar fulawa. An gina rumfa a kan itace. Direbobi suka fara rubuta abin da suka ajiye da abin da suka kwaso a kowane shago, aka rage wa shagunan da ke yawan kwantai. Burodin gida Alhaji ya ƙi a taɓa shi, ya ce wannan ba ɓarna ba ce. Aka ba shi layinsa a kasafi, burodi ɗaya a kowane buhu, ana rubutawa kullum. Aka mayar da mai kula da sito bakin aikinsa a Oktoba.

An kuma sauya lada daga naira 2,500 a buhu zuwa naira 25 a kan kowane lafiyayyen burodi da ya fito daga tanda, tare da tukuici idan buhu ya haura 98. Tukuicin ne ya kawo sabuwar matsala. Cikin sati uku rahoto ya nuna buhu na ba da 102, har 103. A takarda rara ce mai kyau. Masu shayi ne suka fara ƙorafi, domin mai shayi ya san yanka nawa yake fitarwa daga burodi ɗaya, kuma ya ga ya ragu. Da aka auna, curi ya sauka zuwa giram 820. Manyan masu sari biyu suka tafi, ɗaya bai dawo ba. Aka soke tukuicin yawa, aka ɗaura shi a kan nauyi: curi ya tsaya tsakanin giram 840 da 860, manaja na ɗaukar guda goma ba zato a kowane kwaɓi ya auna. Tun daga nan aka sa doka cewa rara mai yawa ana bin diddiginta kamar yadda ake bin giɓi.

Akanta ya gyara wani abu a lissafinsa shi ma. Da farko an ɗauki itace da dizal a matsayin kuɗin da ke bin yawan burodi ɗungurungum, naira 30 kowane ɗaya. Amma tanda sai an ɗumama ta da itace iri ɗaya ko buhu 8 za a gasa ko 15. Ya ɗauki watan da ya fi ƙarancin aiki da wanda ya fi yawa kafin tsada ta shigo: Fabrairu mai burodi 30,000 ya ci naira 1,000,000, Afrilu mai 46,000 ya ci 1,320,000. Bambancin 320,000 a kan burodi 16,000 ya ba da naira 20 kowane burodi, sauran 400,000 kuma ba ya motsi. Wannan ya rage giɓin Fabrairu daga 600,000 zuwa 500,000, na Agusta a wannan layi da 40,000. Ba babban kuɗi ba ne, amma da ba a gyara ba, duk watan da ciniki ya yi ƙasa mai tanda zai riƙa shan tuhuma a kan itacen da dole ne ya ƙona.

A Nuwamba buhu ya ba da 96, a Disamba 97. An sake ƙara farashi sau ɗaya. Disamba ya ƙare da burodi 35,000 da ribar naira 900,000.

Janairu zuwa Yuni 2024: lokacin da rahoton ya daina magana

A farkon 2024 naira ta sake faɗuwa, dala ta kai wajen naira 1,500 a Fabrairu. Buhun fulawa a littafin gidan ya wuce naira 50,000. Kasafi mai bin aikin yana nan yana auna komai da farashin Janairu 2023, wato buhu a kan 30,000. Kowane layi ya zama giɓi mai miliyoyi. Giɓin buhu biyar ko shida na ɗakin kwaɓi ya nutse a cikin giɓin farashi da ya ninka shi sau da yawa. Manaja ya daina karanta rahoton a taron mako, tunda abu ɗaya yake faɗi kullum, kuma abu ne da ba wanda ke ɗakin zai iya yi masa komai. A watan Fabrairu buhu ya koma 94 ba tare da an lura da wuri ba.

Gyaran da aka yi a Maris shi ne raba ma'aunai biyu. Ma'aunin yawa ya tsaya cak: curi giram 850, buhu ya ba da burodin sayarwa 98 bayan an cire na gida da ɗan abin da ba a rasa ba na ƙonewa. Ma'aunin farashi kuwa ana sabunta shi ranar ɗaya ga kowane wata da farashin da kasuwa ke kai a ranar. Tazarar da ke tsakanin tsohon farashi da sabo aka ware ta a layi na daban, ta zama ta Alhaji, domin shi ne mai yanke farashin burodi. Mai sayayya ana auna shi da farashin watan, ko ya saya sama da shi ko ƙasa. Ɗakin kwaɓi kuma aka daina ba su rahoto da naira. Allo aka kafa a bango, kullum da safe a rubuta buhu nawa aka kwaɓa jiya, burodi nawa ya fito, nawa ya ƙone, nauyin curi nawa. Masu kwaɓi da kansu suka fara tsayawa a gaban allon suna gardama a kan wane rukuni ne ya ja adadin ƙasa.

An kuma yi ƙa'idar ƙarin farashi. A da sai asara ta bayyana a ƙarshen wata ake tunanin ƙari. Yanzu ana lissafa abin da burodi ɗaya ke bari duk mako, idan ya sauka ƙasa da abin da zai iya ɗaukar haya da albashi a yawan cinikin da ake yi, sai a zauna a kan farashi a makon.

A watan Yuni 2024, watan da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.19 cikin ɗari, gidan ya sayar da burodi 33,000, buhu na ba da 98, riba ta kama naira 1,200,000. Buhun fulawa a littafinsu na watan naira 60,000 ne.

Hukunci

Tallafi da dala gaskiya ne, kuma su ne suka fi girma a giɓin Agusta, miliyan 3 cikin 4,780,000. Wanda ya ce da gidan ya yi tattali da bai ji tsada ba, bai duba alƙaluman ba. Kasafi mai bin aiki bai dawo da arzikin da ba. Ribar da aka tsara a Janairu 2023 tana sayen buhu 53, ribar Yuni 2024 buhu 20 take saya, ciniki kuma ya ragu da burodi 7,000. Abin da ya yi shi ne ya ware kason da ke hannun gidan daga kason da ba ya hannunsa, kuma wannan kason ne ya raba tsakanin tandar da ke ci da tandar da aka rufe.

A ganina babbar illar tsohuwar takardar ba a kuɗi ta tsaya ba. Ta yaba a watan da ya kamata a yi tambaya, ta yi faɗa a watan da mafi yawan kashewar halal ce, ta koya wa shugaban masu kwaɓi yin shiru a lokacin da yake riƙe da amsar fulawa mai sauƙi. Ta kuma bar zargi ya sauka a kan mai sito, mutumin da littafinsa ne kaɗai ya fito babu tabo. An biya shi albashin watannin da ya zauna a gida, Alhaji ya ba shi haƙuri a gaban ma'aikata, kuma hakan ya dace. Amma wata uku ya yi a unguwa ana kallonsa da sunan wanda aka kora daga sito, kuma da an yi lissafin rabin yini a watan Maris 2023 da ya hana hakan.

Matakai ukun Yuli ba su yi aiki ba saboda kowannensu ya nufi abin da ba a auna ba. Ƙarin farashi ma, wanda ya kawo 1,800,000 ya ci 360,000 kacal a raguwar ciniki, daidai ne, sai dai an zuba shi cikin tulun da ke yoyo. Tukuicin yawa da tsohon ma'aunin farashi kuwa sun nuna cewa shi kansa sabon tsarin yana iya ɓatar da mutum idan aka ɗauki lambar a matsayin hukunci. Sau biyu ya kauce, a na farkon kuma masu shayi da sikeli ne suka gyara shi kafin takarda ta gane.

Akwai abin da rahoton ba ya gani har yanzu. Yana ƙirga burodi a matsayin an sayar da zarar ya sauka daga mota, alhali masu shago da yawa bashi suke karɓa, kuma tun da kaya suka yi tsada biyan ya ja daga kwana uku zuwa sama da mako. Singa kuwa kuɗi hannu take so. A watan Yuni 2024, mai ribar 1,200,000, sau biyu manaja ya rage kwaɓin dare saboda babu tsabar sayen fulawa. Akanta ya fara buɗe wa kowane mai sari shafinsa na bashi da kwanakinsa, aikin bai kammala ba.